Wa Ke da Bakin Cewa "Haka Allah Ya Rubuta"?

A garin Gombe in aka yi rasuwa, ko a Bolari ne ko a Tumfure, ko gidan Musulmi ko na Kirista, maganar masu zuwa gaisuwa kusan ɗaya ce: "Sai haƙuri, haka Allah ya rubuta." Ba ni da ja a kan wannan magana a wurin makoki. Rai na Allah ne, shi ya bayar, shi yake karɓa, Ayuba ma abin da ya faɗa ke nan ranar da labarin 'ya'yansa ya iso masa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka ɗauko maganar daga gidan makoki muka kai ta inda aka ci amana. Mutum ya cinye kuɗin adashe, a ce ƙaddara. Miji ya kwashe jarin matarsa ya yi gaba, a ce rabonta ne ya ƙare. Sau da yawa kuma, in ka kasa kunne da kyau, wanda ya fara jefa maganar a tsakar taro shi ne wanda hannunsa ke cikin abin dumu-dumu.

Ni nake jan nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Duk shekara in Ista ta gabato, tambaya guda takan dawo, yawanci daga bakin sababbin amare waɗanda ba su riga sun koyi kunyar tambaya ba. "Mama, da Yahuza bai ba da Yesu ba, da mun sami ceto? In an riga an rubuta sai ya yi, to ina laifinsa?" Wasu iyaye mata sukan yi tsaki, su ce yarinya tana neman saɓo. Ni ba na hana ta. Tambaya ce ta gaske, kuma amsar da muka ba ta ba a coci take tsayawa ba, tana bin mu har gida, har wurin rabon gado.

Bana abin ya zo mini a jikin mutum. Akwai wata 'yar'uwa a zumuntarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da fili guda a bayan gari. Takardun filin suna hannun wan mijin, domin tun maigidan yana kwance a asibiti ya damƙa masa su ya ce ya riƙe wa yara. Ba a jima da share makoki ba ta ji ana zuba tubali a filin. An sayar. Da aka zauna sulhu, wan mijin bai musanta ba. Cewa ya yi, "Maman yara, ki yi haƙuri, abin da ba rabonki ba ne ba za ki ci ba. Ba ki karanta labarin Yusufu ba? 'Yan'uwansa sun sayar da shi, amma dubi inda Allah ya kai shi." Wasu daga cikin manya suka gyaɗa kai, domin maganar ta yi kama da wa'azi. Da yamma ta zo gidana, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Mama, ashe Allah ne ya sayar da filin? To wa zan kai wa kuka?"

Tun daga ranar nake komawa cikin Farawa 37 zuwa 50, ina neman abu ɗaya: a bakin wa maganar ƙaddara take, kuma yaushe aka faɗe ta.

Kakata ta koyi karatu ne a ajin mishan a Kaltungo, da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, kuma labarin Yusufu shi ne wanda ta fi ba mu da dare. Akwai wurin da ba ta taɓa wucewa da sauri ba. Bayan sun tuɓe masa rigar sun jefa shi a busasshiyar rijiya a Dotan, Littafi ya ce sai suka zauna cin abinci. Takan tsaya nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ƙaninsu yana cikin rami, su suna kai loma." Suna cikin ci ne suka hangi ayarin Isma'ilawa daga Gileyad, raƙumansu ɗauke da kayan ƙanshi za su Masar. Yahuza ɗan Yakubu ne ya kawo shawara, ya ce wace riba za mu samu in mun kashe shi, gara mu sayar. Azurfa 20 aka biya. Yaron yana da shekara 17. Suka yanka bunsuru, suka tsoma rigar a jini, suka kai wa tsohon ubansu suka ce ya duba ko ta ɗansa ce. Littafi bai sassauta komai a nan ba. Bai ce hannun Allah ne ya tura su ba. Ya ce sun ƙi shi, sun yi kishinsa, ba sa iya yi masa maganar alheri.

Yusufu yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, yunwa kuma ta yi shekara 2 kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. In ka haɗa, shekara 22 ke nan tsakanin rijiya da ranar da ya ce, "Ba ku ne kuka aiko ni nan ba, Allah ne." A cikin waɗannan shekaru akwai bauta a gidan Fotifar, akwai ƙazafi, akwai kurkuku, akwai mai shayarwa da ya manta da shi shekara 2 cur. Mutumin da ya bi ta cikin duk wannan shi ne ya waiwaya ya ga hannun Allah. Kuma ko a ranar, kafin ya ambaci Allah, sai da ya fara kiran abin da sunansa: "Ni ne Yusufu ɗan'uwanku, wanda kuka sayar zuwa Masar."

Abin da masu ɗauko wannan labari a wurin sulhu suke tsallakewa shi ne babi 42 zuwa 44. Yusufu bai ga 'yan'uwansa ya ruga ya rungume su ba. Ya yi musu magana da kaushi, ya kulle su kwana 3, ya tsare Saminu, ya sa aka kawo Biliyaminu, sa'an nan ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun autan. Ya mayar da su daidai inda suka tsaya a Dotan: ga ɗan Rahila, uwar Yusufu da Biliyaminu, guda a hannunsu, ga hanyar tsira in sun yarda su bar shi su tafi. Yana so ya ga ko mutanen da ya sani ne har yanzu. A tsakiyar wannan ne muka ji abin da babi 37 bai faɗa mana ba. Suna magana a junansu, ba su san yana jin harshensu ba, suka ce lalle alhakin ƙaninmu ne yake bin mu, mun ga wahalar ransa sa'ad da yake roƙonmu, muka ƙi ji. Ashe yaron ya yi ta roƙo daga cikin ramin. Shekara sama da 20 muryarsa ba ta fita daga kunnensu ba.

Sai da Yahuza, wanda ya kawo shawarar sayarwa, ya matso ya ce a riƙe shi bawa a maimakon yaron, domin ba zai iya komawa ya ga baƙin cikin ubansa ba, sa'an nan Yusufu ya kasa daurewa, ya fitar da Masarawa waje, ya fashe da kuka. Tuba ce ta fara zuwa, maganar nufin Allah ta biyo baya.

Ayar da kowa ya haddace, Farawa 50:20, ta fi wannan jinkiri. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar kafin ya rasu, saboda haka Yusufu yana wajen shekara 56 ya faɗe ta, kusan shekara 39 bayan rijiya. "Ku kun nufe ni da mugunta, amma Allah ya nufe shi da alheri." Nufi biyu ne a cikin aiki ɗaya, kuma Yusufu bai bar na biyun ya haɗiye na farkon ba. Muguntar tana nan da sunanta, masu ita kuma suna nan, "ku". Su kuwa 'yan'uwan, duk abin da mutum zai kafa hujja da shi yana hannunsu. Mafarkin Yusufu ya cika, suna zaune a Goshen, 'ya'yansu sun tsira daga yunwa. Da sun so da sun ce, ai da ba mu sayar da kai ba da duk mun mutu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya buɗe baki ya faɗi haka. Saƙon da suka aika masa bayan mutuwar ubansu roƙon gafara ne, suka kira abin laifi, suka kira shi zunubi. In sun ambaci sunan Allah a cikin labarin, da tsoro suke ambatonsa: Allah ya tone asirin bayinka.

Shi ya sa na ce wan mijin 'yar'uwarmu ya ɗauki maganar da ba tasa ba. A labarin da ya kawo, ba shi ne Yusufu ba. Wanda aka jefa a rami shi ke da bakin cewa Allah ya juya abin ya zama alheri, in ya ga haka da idonsa, a lokacin da ya gani. In wanda ya yi jifan ne ya faɗa, ya ƙara cin amana ta biyu a kan ta farko, domin bayan fili ya kuma ƙwace mata Allahn da za ta kai wa kuka.

Yanzu ga Yahuza Iskariyoti, wanda 'yan matanmu suke tambaya a kansa.

Ba zan rage wa Littafi ƙarfi don in sauƙaƙa wa kaina ba. An faɗi abin tun da wuri. Yahaya 6 ya ce Yesu ya san tun farko wanda zai bashe shi. A daren Jibin Ubangiji ya ɗauko Zabura 41, inda Dawuda yake kuka cewa aminina da na amince da shi, wanda muke ci tare, ya juya mini baya, ya ce dole Nassi ya cika. Masu wa'azi sukan kawo misalin manomi da ya ga hadari ya haɗu a gabas, ya san ruwa zai sauko, alhali ba shi ya kawo ruwan ba. Misalin yana da amfani, amma bai kai ba, domin Littafi ya wuce maganar sani kawai, ya ce shiri ne. Sai dai ku ji yadda Yesu da kansa ya haɗa abin a numfashi ɗaya, a Luka 22:22: Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin nan da za a bashe shi ta hannunsa. Markus ya ƙara da cewa da ba a haifi mutumin ba da ya fi masa. Ba a yi wa mutum kaito a kan abin da ba shi da hannu a ciki. Littafi bai zauna ya warware mana yadda ikon Allah da zaɓin mutum suke haɗuwa ba. Ya ajiye su biyun kusa da juna, ya ƙi yarda mu jefar da ko ɗaya.

Bitrus ma haka ya yi a ranar Fentikos. Ya gaya wa taron Urushalima cewa an ba da Yesu bisa ga ƙaddarar Allah da rigyasaninsa, a jimla ɗaya kuma ya ce ku kuka gicciye shi, kuka kashe shi ta hannun mugaye. Mutanen da suka ji ba su ce to alhamdu, tun da an ƙaddara mun fita ba. Maganar ta soke su a zuci, suka ce, 'yan'uwa, me za mu yi? Ya ce ku tuba. Wajen mutum 3,000 aka yi wa baftisma a ranar.

Kafin in koma koyarwa na riƙe jakar zumunta shekaru da dama, saboda haka akwai abin da nake gani a labarin Yahuza da wataƙila wanda bai taɓa zama ma'aji ba ba zai lura da shi ba. Ba a ba kowa jaka. Wanda aka fi yarda da shi ake ba, kuma da zarar an ba shi, mutane sukan daina ƙirgawa. A cikin goma sha biyun akwai Matiyu, tsohon mai karɓar haraji, wanda ya san lissafi, amma Yahuza aka ba. Yahaya 12 ya ce ɓarawo ne, yakan ɗiba daga abin da ake sawa a ciki. Ba dare ɗaya ba ne ke nan. Ɗiba ce kaɗan-kaɗan, yau da gobe, ba wanda ya sani. A Betanya, da Maryamu ta zuba wa Yesu man nardi a ƙafa, shi ne ya yi lissafi nan take, ya ce da an sayar dinari 300 an ba gajiyayyu. Dinari guda ladan yini ne na ɗan ƙodago, kuɗin man ya kusa ladan shekara ke nan. Bakinsa yana maganar gajiyayyu, idonsa yana kan jaka. Kuma da ƙafarsa ya tafi wurin manyan firistoci, ba kiransa aka yi ba. Matiyu ya rubuta tambayarsa: "Me za ku ba ni in na bashe shi gare ku?" Mutumin da ake ja da igiya ba ya ciniki. Suka ƙirga masa azurfa 30, daidai diyyar da Fitowa 21 ta yanka in bijimi ya soke bawan wani ya mutu.

Luka da Yahaya sun ce Shaiɗan ya shige shi, wasu kuma sukan kama nan su ce to ba shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana nan tun daga jakar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Yesu ya bi da shi a daren. Yahaya 13 ya nuna sai bayan wankin ƙafa Yahuza ya fita, ma'ana Ubangiji ya durƙusa gabansa da tasa da tawul, ya wanke ƙafafun da suka riga suka je gidan firistoci suka dawo. Ya ce ɗayanku zai bashe ni, bai kama suna a gaban jama'a ba, har kowa ya shiga tambaya, ko ni ne, ya Ubangiji? Ya tsoma loma ya miƙa masa da hannunsa. Da ya tashi zai fita ma sauran suka zaci an aike shi sayen kayan idi ne, ko ya kai wa gajiyayyu wani abu. Har a Getsamani, da sumba a fuskarsa, Yesu ya kira shi aboki, ya kira shi da sunansa ya tambaye shi, Yahuza, da sumba za ka ba da Ɗan Mutum? Ni dai in na karanta wannan, mutum nake gani ana ta buɗe masa ƙofa har zuwa minti na ƙarshe. Gargaɗi ba shi da amfani ga dutse. Wanda zai iya juyawa ake yi wa.

Game da ko cetonmu ya rataya a kansa, a duba abin da firistocin suke nema. Sun riga sun yanke shawarar kashe Yesu tun bayan tashin Li'azaru. Shi kansa ya ce musu kowace rana ina tare da ku a Haikali ina koyarwa, ba ku kama ni ba. Abin da ya hana su tsoron jama'a ne a lokacin Idin Ƙetarewa. Wurin da ba taro suke so, da dare, kuma da ɗan gari akan ci gari. Abin da Yahuza ya sayar ke nan, sanin inda Malam yake kwana. Ceto kuwa ya fito daga wurin wanda ya ce ba mai karɓe raina daga gare ni, ni nake ba da shi don kaina. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi wa'azi a kan wannan. Ya nuna cewa Uba ya ba da Ɗan, Ɗan ya ba da kansa, Yahuza ma ya ba da shi, aiki ɗaya, amma Uba da Ɗa don ƙauna suka yi, Yahuza don cin amana, kuma a kan nufinsa ake auna kowa. Wannan ita ce maganar Yusufu, ta sake fitowa a gindin gicciye.

Wani lokaci matasa sukan turo mini saƙo a WhatsApp cewa an gano wata "Bisharar Yahuza" da ta nuna shi ne almajirin da ya fi fahimta, wai Yesu ne ya sa shi. Rubutun yana nan da gaske, da harshen Kibɗawa, an same shi a Masar, aka wallafa shi a 2006. Amma ba sabon abu ba ne, kuma ba daga manzanni ya fito ba. Tun wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya ambaci littafi mai wannan suna a cikin rubuce-rubucen da ikkilisiya ta ƙi. Bulus kuwa tun kafin nan ya amsa wa masu cewa mu yi mugunta don alheri ya fito, a Romawa 3, ya ce hukuncinsu daidai ne.

Akwai shaida guda da ba a cika kira ba a wannan shari'a, shi ne Yahuza da kansa. Da ya ga an yanke wa Yesu hukunci, ya mayar da azurfar, ya ce, "Na yi zunubi, na ba da marar laifi." Ya zauna shekaru yana jin Nassi daga bakin Ubangiji, a kunnensa aka ce dole Nassi ya cika, amma bai ce an rubuta ba. Ya san da hannunsa ya karɓa. Uzurin da muke nema masa yau, shi bai nema wa kansa ba.

Amsar da aka ba shi ita ce take hana ni barci, ni da nake cikin masu hidima a gidan Allah. Mutum ya zo Haikali da zunubi a bakinsa, ya zo wurin waɗanda aikinsu ke nan su tsaya tsakanin mai zunubi da Allah, suka ce masa, "Ina ruwanmu? Kai ka sani." Ya watsar da kuɗin, ya fita, ya rataye kansa. Su kuma suka tsince kuɗin suna muhawara cewa bai halatta a sa kuɗin jini a baitulmali ba, suka sayi filin maginin tukwane don binne baƙi, wanda aka riƙa kira Filin Jini. Sun kula da tsarkin asusu, ba su kula da ran mutum ba.

Bitrus ma an faɗa masa nasa tun kafin ya yi, har ma dalla-dalla fiye da na Yahuza: a daren nan, kafin zakara ya yi cara, sau uku. In faɗin abu kafin ya faru yana ɗauke laifi, babu wanda ya kai Bitrus samun mafita. Amma da zakara ya yi cara, Ubangiji ya juyo ya dube shi, sai ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Bambancinsu ba a girman laifi yake ba. Bitrus bai raba kansa da 'yan'uwa ba, yana nan tare da su ranar Lahadi da safe, yana nan a bakin Tekun Tibariya inda aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangiji, aka kuma damƙa masa tumaki. Yahuza ya kai nadamarsa wurin abokan cinikinsa, daga nan ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai. Ɓarawon da ke kan gicciye ya sami shiga a sa'arsa ta ƙarshe, kuma jinin da aka zubar a ranar bai gaza wa kowa ba.

Dawuda ma ya ci amanar Uriya, sojan da ya ƙi kwana a gidansa domin 'yan'uwansa suna filin daga, ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai da hannunsa. Daga Batsheba, matar Uriya da Dawuda ya ɗauke, aka haifi Sulemanu, daga zuriyar kuma Almasihu ya fito. In akwai inda za a ce mugunta ta haifi alheri, to nan ne. Duk da haka Littafi ya ce abin da Dawuda ya yi ya ɓata wa Ubangiji rai, annabi Natan kuma bai je fada da maganar rabo ba, cewa ya yi, "Kai ne mutumin." Matiyu da ya zo rubuta asalin Yesu bai ɓoye ba, ya ce Dawuda ya haifi Sulemanu ta wurin matar Uriya. Ya bar sunan wanda aka zalunta a cikin babin farko na Sabon Alkawari.

Na yi wannan hira da maƙwabciyata, Musulma ce, muna tsince shinkafa a ƙofar gida. Ta ce ai su ma malamansu suna koyar da cewa imani da ƙaddara wajibi ne, amma ba a kafa hujja da ita a kan saɓo. Ashe ba daga coci ko masallaci wannan ɗabi'a ta fito ba. Daga son a rufe magana da wuri ta fito, kowa ya tashi ya kama gabansa. Mun fi son a ce an yi sulhu a kan a ce an yi gaskiya, nauyin kuma kullum a kan marar ƙarfi yake sauka, gwauruwa, maraya, ƙaramin ma'aikaci. Shi ake ce wa ya yi haƙuri, shi ake karanta wa ayar gafara.

Ban ce kada a gafarta ba. Umarni ne, ba na wasa da shi. Na gaya wa 'yar'uwarmu cewa Allah bai sayar da filinta ba, mutum ne ya sayar, Allah kuma ya gani, shi ne uban marayu da mai tsaya wa gwauraye kamar yadda Zabura 68 ta ce. Na gaya mata yana da ikon fitar da alheri daga wannan abin, kuma ina roƙo ta rayu ta gani har ta faɗa da bakinta. Amma ba zan sa mata maganar a baki yau ba, ba kuwa zan yarda wanda ya cuce ta ya sa mata ba.

Akwai nassin da ya dace da wan mijin, ba a Farawa yake ba. Littafin Firistoci babi 6 ya yi magana kai tsaye a kan wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya. Ya ce laifin ga Ubangiji aka yi shi, sai mutumin ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Biya ne a gaba, bagade a baya. Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya wuce haka ma, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Wannan hanya a buɗe take ga wan mijin, kuma don ina so ya bi ta ne nake wannan magana, domin shi ma ɗan ikkilisiya ne, ba na so ranar da abin ya dame shi ya zo ya tarar da mu muna cewa ina ruwanmu.

Na je wurin ɗaya daga cikin dattawan da suka zauna a sulhun farko, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina roƙon a sake zama. In za a buɗe Littafi a wurin, a fara da Firistoci 6 kafin a je Farawa 50." Ya yi shiru, ya ɗauko nasa ya karanta a gabana, ya ce, "'Yata, za a sake kira." An sa zaman bayan Ista. An ce wan mijin ya zo da takardar cinikin da adadin kuɗin da ya karɓa, mu kuma matan zumunta za mu raka ta, mu zauna a bayanta.